Kwandon ɗalibi da alƙaluman Abuja: zangon karatu ɗaya na koyar da tattalin arzikin ƙasa a Sakkwato

A watan Fabrairun 2023 ina koyar da babin kuɗi ga 'yan aji ɗaya a wata babbar makaranta a nan Sakkwato. Ina tsaye gaban allo ina bayanin yadda ake ƙirga kuɗin da ke hannun jama'a da wanda ke ajiye a banki, kujeru da yawa kuwa babu kowa a kansu, domin masu su suna bakin bankunan titin Kano tun asuba suna bin layin 'yan dubbai. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Tsabar kuɗin da ke yawo a ƙasa, wadda ta haura naira tiriliyan 3 a ƙarshen 2022, ta faɗo ƙasa da tiriliyan 1 a wannan watan. Mutumin ƙauye ya kan kawo dabbarsa kasuwa ya sayar da ita a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba a aljihu. Na gama babin a ranar ban ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Misalin da na bayar na cikin littafi ne, na wani mutum da ya ajiye dala ɗari a wani banki a Amurka.

Da na zo duba takardun jarrabawa sai abin ya tsaya mini a rai. Kusan kowa ya kawo ma'anar yawan kuɗi kamar yadda take a littafi, babu tuntuɓe. Amma tambayar da ta nemi a bayyana abin da zai faru da ciniki idan tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, 'yan kaɗan ne suka taɓa ta, alhali duk sun kwana sun tashi a cikin amsarta makonni. Ba su ga alaƙa tsakanin layin banki da abin da ke kan allo ba, kuma ni ne ban nuna musu ba.

Wannan rubutu bayani ne na abin da na gwada daga baya, a zangon da ya fara a Nuwamban 2024 ya ƙare a Maris na 2025, a kwas ɗin share fagen tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, wanda ɗalibai ke kira makro.

Tsarin da aka bi

Manhajar ban taɓa ta ba: ma'aunin abin da ƙasa ke samarwa, hauhawar farashi, rashin aikin yi, kuɗi da banki, kasafi da haraji, sai cinikin ƙasashen waje. Abin da na canza shi ne ƙofar shiga. Kowane mako rukuni ɗaya zai kawo labari guda na tattalin arziki da ya fito a cikin kwana bakwai da suka wuce, daga rediyo ko jarida ko waya. Ba a yarda su faɗi ra'ayinsu a kai ba sai sun amsa tambayoyi uku: wane adadi ne a cikin labarin, wa ya auna shi, kuma da me aka kwatanta shi. Minti ashirin na farko muna tattaunawa da Hausa da Turanci a gauraye, ina fassara wa waɗanda ba su ji Hausa sosai ba, sannan mu koma Turanci zalla, tunda da shi za a yi jarrabawa.

Makon farko ya nuna mini girman aikin. Labarin da aka kawo na man fetur ne, wanda litarsa ta haura naira 1000 a watan Oktoba, bayan ba ta kai naira 200 ba kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Ajin ya ɗauki zafi nan take, kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Na bar su suka sauke abin da ke ransu, sannan na rubuta lissafi ɗaya a allo. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, litar mai naira 145, wato albashin yana sayen lita 206. A 2024 an mai da albashin naira 70,000, lita kuma a ce naira 1000 cif, wato lita 70. Albashi ya ninka fiye da sau biyu, man da yake saye ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka yi tsit. Bambancin albashi na baki da albashi na haƙiƙa, wanda a da nake kwashe lakca guda ina fama da shi, ya zauna cikin minti biyar, kuma sun ga cewa fushinsu yana da adadi da za a iya rubutawa.

Kwandon ɗalibi

Aikin da ya riƙe zangon duka shi ne wanda suka raɗa wa suna kwandon ɗalibi. Muka zauna muka fitar da abubuwan da ɗalibi a Sakkwato ke kashe wa kuɗi: gero, shinkafa, wake, man gyaɗa, albasa, burodi, sabulu, kuɗin kabu-kabu daga makaranta zuwa cikin gari, da fotokwafi. Aka raba rukunai, wasu Babbar Kasuwa, wasu Tsohuwar Kasuwa, wasu Kasuwar Daji, wasu shagunan unguwa a Mabera da Runjin Sambo. Duk bayan mako biyu su koma su rubuto farashi a wani littafi mai bangon kwali da muka saya don wannan.

Na yi zaton wahalar tana cikin lissafi, ashe tana bakin kasuwa. A zagayen farko rukunai biyu suka kawo farashin tiyar gero da tazara mai faɗi, aka yi ta gardama, sai aka gano cewa wani an yi masa awo da tozo, wani an shafe. Wasu sun rubuto kuɗin da mai kaya ya fara faɗa, wasu kuma wanda aka sallama bayan tayi. Albasa a kashi-kashi ake sayar da ita, kuma kashin yau ba na jiya ba ne, ga gyara da ake yi wa wanda aka sani. Wani dattijo mai hatsi ya ƙi kula su sam, yana zaton ma'aikatan haraji ne, sai da ɗaya daga cikinsu ya rusuna ya ce, “Baba, ɗiyanka na, karatu munka zo yi,” sannan ya saki jiki, har daga baya shi ke ajiye musu labarin yadda sari ya kasance a kasuwannin ƙauye.

Burodi ne ya fi koya musu abu. Mako shida kuɗinsa bai motsa ba, rukunin da ke kula da shi suna ta rubuta cewa babu canji, har wata ɗaliba ta ce ita dai ta lura wanda take saya wa ƙannenta da safe ya daina isar su. Muka aro sikeli. Daga ranar muka koma rubuta kuɗin burodi bisa nauyi. Na gaya musu cewa ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma da irin wannan suke fama a kowane wata a kasuwannin jihohi 36 da Abuja, shi ya sa suke ƙayyade awo da nau'in kaya kafin su fita.

Albasa kuma ta raba musu abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. A ƙarshen 2024 ta yi tsadar da kowa ya yi magana a kai, a jihar da ita ce gidan albasa. Da sabuwa ta fara shigowa daga fadamu wajen Fabrairu sai ta sauko. Na tambaye su ko saukar albasa na nufin hauhawar farashi ta ƙare. Suka duba littafinsu suka ga sabulu da mai da kabu-kabu suna inda suke. Tashin kaya ɗaya saboda ambaliya ko ƙarewar kaka daban, tashin kusan komai tare wata bayan wata daban, kuma na biyun ne abin da kwas ɗinmu ke nazari.

Sai maganar nauyi, wato kason da kowane kaya ke ci a cikin kuɗin da mutum ke kashewa. A nan aka yi muhawara mai daɗi. Samarin da ke kwana a makaranta suka ce kabu-kabu da fotokwafi su ne kan gaba. Wata matar aure mai 'ya'ya, wadda duk ajin ke kira Anti, ta ce a gidanta abinci ne ke cinye fiye da rabi. Muka yi lissafi iri biyu da farashi ɗaya, sakamako ya fito daban. A tsakiyar zango kuma suka matsa sai an saka kuɗin data, tunda babu mai iya karatu yanzu ba tare da ita ba. Muka saka, muka rage wa sauran kaya nauyi, sai ga adadin kwandon ya canza alhali a wannan makon babu abin da ya motsa a kasuwa. Na ce su ja layi ja a littafin su rubuta cewa daga nan awo ya canza. A lokacin ban san irin amfanin da layin nan zai yi mana ba.

Illela ta sa babin ƙarshe ya dawo gaba

A littattafan da muke amfani da su, waɗanda galibi don ɗaliban Amurka da Ingila aka rubuta su, canjin kuɗi da cinikin waje su ne a ƙarshe, kuma sau da yawa zango kan ƙare ba a kai gare su ba. A Sakkwato wannan jeri bai dace ba. Daga nan zuwa Illela tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce, ka tsallaka kana Birnin Ƙonni. A ajina akwai 'yan Illela da Gada da Tangaza waɗanda tun suna yara suke riƙe naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗaya. Saboda haka na ɗauko babin na kawo shi mako na huɗu.

Wani ɗalibi da mahaifinsa ke fataucin dabbobi shi ya buɗe mana darasin. Ya ce jikkar sefa, wato faran 1000, wadda a da ake canzawa da naira dubu da 'yan kai, yanzu ta wuce dubu biyu, don haka ragon da aka sayo a Nijar da kuɗinsa na da, in ya iso Kara sai ya zama na masu hali. A ɗaya ɓangaren kuma mutanen Ƙonni na ganin kayanmu sun yi araha, suna shigowa su yi sayayya hankali kwance. Cikin magana biyu ya kawo abin da littafi ke cewa game da faɗuwar darajar kuɗi: kayan shigowa su yi tsada, kayan fita su yi sauƙi ga baƙo.

Daga nan muka shiga dalili. Sefa a ɗaure take da yuro, faran 655.957 kan yuro ɗaya, kuma babban bankin da ke Dakar ne ke kula da ita a madadin ƙasashe takwas. Nijar ba ta da ikon buga ta yadda ta ga dama ko karya darajarta ita kaɗai. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Kafin nan gwamnati na sayar da dala wajen naira 460, 'yan canji na sayarwa wajen 750. Na ce su lissafa ribar wanda ya samu dala 10,000 a farashin gwamnati ya kai ta kasuwar bayan fage: naira miliyan 2.9 ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Suka gane abin da ya sa masana da yawa suka daɗe suna sukar tsarin farashi biyu. Sannan muka duba abin da sakin ya jawo, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kujerar aikin hajji da ba ta kai miliyan 3 cif ba a 2023 ta wuce miliyan 8 a 2025, domin jirgi da masauki duk da kuɗin waje ake biya.

Wani ya tambaya, “Malam, to mu ma mi zai hana a ɗaure naira hakanan mu huta?” Na ba su labarin Janairun 1994, ranar da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, abin da iyayen 'yan bakin iyaka har yau suke tunawa. Ɗaure kuɗi na buƙatar ajiyar kuɗin waje da za ta kare shi, kuma ƙasar da ta ɗaure ta sallama wani ɓangare na ikonta. Wadda ta saki ta riƙe ikon, amma talakanta ne ke fara jin girgiza. Ban ce musu ga wanda ya fi ba, na sa kowa ya rubuta shafi guda ya zaɓi ɗaya ya kare shi da hujja.

Rufe iyaka ma ba labarin nesa ba ne a gare su. Sun ga na Agustan 2019 da ya kai har Disamban 2020, sun ga na bayan juyin mulkin da aka yi wa shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, wanda Najeriya ba ta ɗage ba sai Maris na 2024. Muna tsakiyar zangon ne ma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a ƙarshen Janairun 2025. Da na zo bayanin abin da ƙididdigar hukuma ba ta kamawa, ba sai na yi dogon turanci ba. Kowa ya san hanyoyin bayan gari da babura ke bi da buhuna, kuma ya san ba a rubuta su a littafin kwastan.

Kuɗin ruwa

Wannan babi na shige shi da taka-tsantsan. A ƙarshen Nuwamban 2024 Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, ƙari na shida a shekarar, daga 18.75 da aka shiga da shi. Rukunin da suka kawo labarin sun amsa tambayoyin uku daidai, sannan shugabansu ya ce, “Malam, mu wanga bai shahe mu ba. Babana bai taɓa cin bashin banki ba, kuma haramun na.” Mafi yawan ajin suka goyi bayansa.

Na ce masa hukuncin yana wurin malamai, kuma babu wanda zai nemi ya canza aƙidarsa don ya ci jarrabawa. Amma ruwan da aka yi a tudu yana iske na kwari ko bai fita ba. Muka bi sawun abin tare. Idan aka ɗaga ma'aunin, takardun bashin gwamnati na ƙara biya, masu kuɗi na waje su kawo dala don su saya, naira ta ɗan tsaya, kuma tsayuwarta ce ke hana kuɗin taki da magani da kayan gyaran babur ci gaba da gudu. A gefe guda, kamfanin da ke yin sabulu ko taliya da bashin banki yake juya jarinsa, zai zuba tsadar bashin a kan katan, ɗan sari ya kawo shi Sakkwato, mahaifin ɗalibin ya saya. Gwamnati ma bashinta na ƙara nauyi, abin da za a yi hanya ko asibiti da shi ya tafi biyan ruwa. Muka kuma taɓo hanyoyin da ba na ruwa ba, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina tituna.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a zangon daga wata ɗaliba 'yar gabashin jihar ta fito. Ta ce a wajensu, yankin Isa da Sabon Birni, gonaki da yawa an bar su saboda 'yan bindiga, waɗanda suka noma kuma sai sun biya kafin su girbe. Ta ce shin ƙarin kuɗin ruwa zai mayar da manomi gona? Na ce ba zai mayar ba. A kan maganarta na gina bambancin hauhawar da yawan kuɗi ke jawowa da wadda ƙarancin kaya da tsadar samar da su ke jawowa. Makamin Babban Banki na aiki a kan ta farko. Ita ma tana nan, tunda bashin da gwamnati ta ci kai tsaye daga bankin ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta mai da shi na dogon zango a 2023. Amma tsadar gero a Sakkwato tana da tushen da ba a Abuja za a tone shi ba. A ganina duk malamin da ya koyar da wannan babi a Arewa maso Yamma bai ambaci tsaro ba, ya bar rabin darasin a waje.

Makon da abin ya ƙwace

Ba kowane labari ne ya yi daɗi ba. A Disamba wani rukuni ya kawo taƙaddamar ƙudurorin gyaran haraji, musamman rabon harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, da gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da shi. Ban riga na koyar da yadda ake rabon ba, na bari aka shiga tattaunawa. Cikin minti goma magana ta koma Arewa da Kudu, muryoyi suka tashi, 'yan Kudun da ke ajin suka yi shiru suka sunkuyar da kai. Na tsayar da zaman, kuma na kwana da damuwar cewa na bar baƙinmu sun ji kamar ana tuhumarsu.

Mako na gaba na zo da tsarin a rubuce: a lokacin tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35, kuma a tsakanin jihohi ana raba rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara. Ƙudurin ya nemi a kai na ƙarshen zuwa 60. Na ƙirƙiro jihohi uku marasa suna, na gauraya rukunai, na ce su lissafa rabon kowace a tsarin biyu. Gardamar ta koma kan abin da ya kamata tun farko, wato shin inda hedikwatar kamfani take ake nufi da inda aka tara, ko inda aka sayi kayan. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: labarin da ke da zafin siyasa ba ya shiga aji sai an riga an koyar da abin auna shi.

Fabrairu

A tsakiyar Janairu hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi a Disamba ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. A Fabrairu ta fito da na Janairu: 24.48. Ban taɓa ganin ajin ya cika da wuri kamar ranar da ta biyo baya ba. Tun kafin in ajiye jaka Anti ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, sun ce tsada ta ragu. Ni jiya nis sawo gero, ban ga abin da yar ragu ba. Ƙarya dai suka yi muna.”

Na ce, “Malama, gaskiyarki kan gero. Amma mu duba ko abin da suka ce ke nan.” Na rubuta naira 1000 a allo. In ta hau da kashi 34.8 ta zama 1,348. In shekara ta gaba ta hau da kashi 24.48 ta zama 1,678. Adadin hauhawa ya sauka, kuɗin kaya ya ci gaba da hawa. Mai kabu-kabu da ya rage wuta bai juya baya ba, tafiya yake yi, sai dai ba da gudun ɗazu ba. Wannan shi ne kashi na farko, kuma yawancinsu sun kama shi.

Kashi na biyu su suka gano da kansu. Na ce a buɗe littafin kwando a nemo jan layin nan. Wani daga bayan aji ya ce da ƙarfi, “Awo sunka canza!” Haka ne. Hukumar ta bar shekarar 2009 da take kwatanta farashi da ita ta koma 2024, ta ƙara yawan kayan da take bi daga 740 zuwa 934, ta kuma rage nauyin abinci daga kusan kashi 52 zuwa wajen 40. Adadin Disamba da na Janairu da tiya biyu daban aka auna su, ba a debe ɗaya daga ɗaya a ce tsada ta sauka da maki goma. Da ba su taɓa yin irin wannan da hannunsu ba lokacin da suka saka data, da na yi ta bayani suna ganin kare gwamnati nake yi.

Na faɗa musu ra'ayina a fili, tunda sun tambaya. Sabunta kwandon ya zama dole, domin abin da gida ke saye a 2009 ba shi yake saye a yau ba, kuma shekara goma sha biyar ta yi yawa. Amma gidan da abinci ke cin fiye da rabin kuɗinsa, irin gidan Anti da mafi yawan gidajen jihar da ƙididdigar hukumar kanta ta sa a sahun gaba wajen talauci, tsadar da yake ji ta fi wadda matsakaicin ƙasa ke nunawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma duk jami'in da ya ɗauki adadin nan ya ce wa jama'a kaya sun yi sauƙi, ya faɗi abin da adadin bai faɗa ba. Muka haɗa da misalin rashin aikin yi, wanda aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sannan a 2023 aka ce 4.1 bayan an koma ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Wani ɗalibi da ke yin kabu-kabu da yamma ya ce ashe shi ma yana cikin masu aiki. Na ce a wannan ma'auni yana ciki, shi ya sa ake buƙatar duba adadin masu aikin da bai ishe su ba kafin a yanke hukunci.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

A jarrabawa na kawo guntun labari na ce su fitar da adadin, su faɗi da me aka kwatanta shi, su bayyana abin da ba ya nufi. Amsoshin sun fi na shekarun baya nisa ba kusa ba, har daga ɗaliban da Turancinsu ke da rauni. Tambayoyin lissafi zalla kuwa, irin na yadda kashe kuɗin gwamnati ke ninkuwa a cikin tattalin arziki, ba su canza ba, masu rauni a nan suna nan da rauninsu. Babin bunƙasar tattalin arziki na dogon lokaci a gurguje na bi ta kansa, kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99 da aka sa wa hannu a ƙarshen Fabrairu ma lakca ɗaya kawai ya samu. Wani abokin aikina da ke karɓarsu a aji biyu ya gaya mini cewa sai ya sake musu wasu abubuwa daga tushe, kuma yana da gaskiya a ƙorafinsa. Akwai kuma kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da ɗalibai suka riƙa biya daga aljihunsu, wanda ban yi tunaninsa ba sai da wani ya zo ofis ya faɗa mini a asirce. A zango mai zuwa kowane rukuni kasuwar da ke kusa da gidajensu zai ɗauka, kuma zan rage labaran zuwa ɗaya duk mako biyu don lissafi ya samu wurinsa.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, ana saura kwanaki a rufe lakca. Rukunin Tsohuwar Kasuwa suka nemi a ƙara sukari da dabino da ƙanƙara a kwando. Sauran suka ce in an ƙara sai an ja wani layin, kuma ba za a iya kwatanta shi da watannin baya ba. Aka daidaita a kan a buɗe musu shafi na daban a bayan littafin. Littafin yana cikin durowar ofishina, da farashin zagaye takwas a ciki da rubutun hannu iri-iri, kuma 'yan ajin da ke tafe daga shafin da aka tsaya za su ci gaba.